Fayil ɗin da aka turo maka ya ɓace? Ga inda za ka neme shi, da abin da za ka duba kafin ka buɗe

Mafi yawan mutanen da ke miƙo mini waya suna cewa "an turo mini takarda, har na buɗe ta, yanzu na neme ta sama ko ƙasa na rasa", takardar tasu tana nan. Manhajar ce ta kai ta wani lungu ta ajiye ba tare da ta sanar da su ba. Gano ta ba ya cin lokaci. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da mutum ke aikatawa kafin ya gano ta. Hankalinsa a tashe, ana jiransa, sai ya kashe manhajar kariya, ko ya sauke wata manhaja da ta yi alkawarin dawo da abin da ya ɓace, ko ya danna duk fayil ɗin da sunansa ya yi kama da wanda yake nema. A daidai wannan lokacin bairos ke samun shiga. Shi ya sa ba na raba maganar nema da maganar kariya.

Ka fara da hirar da aka turo maka abin a ciki, kada ka fara da foldoji. A WhatsApp, buɗe hirar, ka taɓa sunan mutumin ko na zauren a can sama, za ka ga wurin da aka rubuta Media, links, and docs. Duk hoto da bidiyo da linki da takardar da kuka taɓa musaya suna jere a nan, wata bayan wata. Idan ka manta wanda ya turo, koma babban shafin manhajar ka taɓa wurin bincike. Zai ba ka zaɓin hotuna ko bidiyo ko sauti ko takardu, kuma idan ka zaɓi Documents zai tattaro maka na dukkan hirarraki wuri ɗaya. Telegram ma haka yake, ɓangarensa ana kiransa Files. Idan hirar kanta ce ba ka gani, leƙa Archived, domin yatsa kan zame ya tura hira can mutum bai sani ba.

Da ka ga saƙon, kalli gefensa da kyau. Idan akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa, da adadin nauyin fayil ɗin a rubuce, to bai taɓa sauka a wayarka ba, ko kuwa ya sauka an share shi. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ganin sunan takarda a hira daidai yake da mallakarta. Ba haka ba ne. WhatsApp ba rumbun ajiya ba ne: yana riƙe saƙon da bai isa ga mai shi ba tsawon kwana 30 ne kawai sannan ya share, kuma fayil ɗin da ya daɗe ba a sauke ba yakan ƙi saukowa. Danna kibiyar. In ya sauko, an gama. In ya ce maka ba a samu ba, ka nemi a sake turowa, to ka nemi a sake turowa ɗin kawai. Babu wata manhaja a duniya da za ta ciro maka abin da bai taɓa shiga wayarka ba, kuma duk wadda ta ce za ta iya, wani abin take nema a wurinka.

Akwai kuma fayil ɗin da aka ƙaddara masa ɓacewa tun daga tushe. Hoton da aka turo da tsarin kallo sau ɗaya ba ya sake buɗuwa. Hirar da aka kunna wa saƙonni masu gogewa da kansu tana share abin da ke ciki bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, gwargwadon abin da aka zaɓa. Wanda ya turo yana da damar janye saƙonsa cikin kimanin kwana biyu, mai kula da zaure ma yana iya goge na wasu. A Telegram kuwa ana iya goge saƙo daga ɓangarorin biyu ko da ya shekara, ba tare da ya bar wata alama ba. A irin wannan yanayi mafita ɗaya ce, ka tuntuɓi mai shi.

A cikin waya

Yanzu mu ce fayil ɗin ya sauka, kana so ka same shi a wajen hira, don ka ɗora shi a wani shafi ko ka kwafe shi zuwa kwamfuta. A nan ne masu Android ke shan wahala, kuma ba laifinsu ba ne. A da, da ka buɗe ma'ajiyar waya za ka ga folda mai suna WhatsApp a fili. Daga Android 11 zuwa sama an matsar da ita ciki. Hanyar yanzu ita ce: ka buɗe manhajar fayiloli, Files ko My Files ko File Manager, ya danganta da kamfanin wayarka, ka shiga ma'ajiyar ciki, ka shiga Android, sannan media, sannan com.whatsapp, sannan WhatsApp, sannan Media. A nan za ka tarar da WhatsApp Documents, WhatsApp Images, WhatsApp Video, WhatsApp Audio, da WhatsApp Voice Notes. A cikinsu akwai ƙaramar folda Sent, ta abin da kai ka tura, da wata Private.

Wannan Private ɗin ita ce amsar tambayar da aka fi yi mini: "hoton yana buɗuwa a hira amma babu shi a Gallery." Akwai saiti mai suna Media visibility. Idan an kashe shi, ga waya gaba ɗaya ko ga hira ɗaya, hotunan da suka sauka bayan nan ba sa fitowa a ma'ajiyar hotuna, suna tafiya Private ne. Kunna shi ba ya fito da tsofaffin, sababbin da za su zo kaɗai yake shafa. Tsofaffin sai ka bi su can ka kwaso da hannu.

Sanin yadda WhatsApp ke raɗa suna yana rage wahala ƙwarai. Takarda galibi tana riƙe sunanta na asali, amma hoto yana zama kamar IMG-20240315-WA0007.jpg: shekara, wata, rana, sai lambar jeri. Bidiyo yana farawa da VID, sauti da AUD, saƙon murya da PTT kuma yana ƙarewa da opus. Don haka idan ka tuna ranar da aka turo, rubuta ta a wurin binciken manhajar fayiloli a wannan tsarin, 20240315, duk abin da ya shigo ranar zai fito. Idan ba ka tuna komai ba sai cewa kwanan nan ne, jera fayilolin bisa kwanan wata, sabo a sama. Wannan kaɗai yana warware rabin matsalolin da ake kawo mini.

Telegram nasa tsarin daban, kuma ni na fi samun natsuwa da shi ta wannan fuska. Fayilolin hirarraki na yau da kullum suna zaune a sabar kamfanin, abin da ke wayarka kwafi ne na wucin gadi. Akwai saitin da ke share wannan kwafin bayan wani lokaci don rage cunkoso, yana ƙarƙashin Data and Storage, cikin Storage Usage. Sai mutum ya ga bidiyon da ya kalla makon jiya ya koma yana neman a sauke shi. Bai ɓace ba, sake danna shi. Amma idan kana son ya zauna a inda za ka iya kaiwa gare shi, taɓa ɗigo ukun da ke gefensa ka zaɓi Save to Downloads, zai tafi foldar Download. In ba ka yi haka ba yana can cikin Android/data, wurin da sababbin wayoyi ba sa barin manhajar fayiloli ta shiga cikin sauƙi. Hirar sirri ta Telegram ita ce ba ta cikin wannan rangwame, abin da ke cikinta a wayoyin biyu kaɗai yake.

Signal ba ya ajiye komai a fili sai ka danna ajiyewa da kanka. Haka iPhone: takardar da aka turo tana kulle cikin manhajar da ta karɓe ta, sai ka buɗe ta, ka taɓa alamar rabawa, ka zaɓi Save to Files. Bayan nan ka neme ta a manhajar Files, ƙarƙashin Recents.

Kada ka manta da kwandon shara. Wayoyin yanzu galibi ba sa share abu nan take. Recently Deleted na iPhone yana riƙe hoto kwana 30, kwandon Files na Google da na wayoyin Samsung ma kwana 30 ne. Mutum yakan bi shawarar manhajar share tarkace, ya danna sau ɗaya ta kwashe "manyan fayiloli", ashe takardarsa na ciki. Leƙa kwandon tukuna.

A kwamfuta, da gyaran da ke ɓacewa

Idan ta burauza kake amfani da WhatsApp ko Telegram, danna Ctrl da J tare. Chrome da Edge da Firefox duk za su nuna maka jerin abin da ka sauke, kuma kowanne yana da wurin dannawa da zai kai ka foldar da yake. Telegram na kwamfuta yana buɗe wa kansa folda mai suna Telegram Desktop a cikin Downloads. Idan ba ka samu ba, buɗe File Explorer, tsaya a kan foldar sunanka, ka rubuta *.pdf ko *.docx a wurin bincike, ko ka rubuta datemodified:today don ya kawo duk abin da aka taɓa yau. Wata dabarar kuma: danna maɓallin Windows da R, rubuta recent, ka danna Enter. Jerin fayilolin da ka buɗe kwanan nan zai bayyana.

Ga wadda ta fi ciwo, kuma ina so ka karanta ta a tsanake. Wata ɗaliba ta zo mini idanunta sun yi ja. Malaminta ya turo mata babin aikinta da gyare-gyare, ta danna shi daga cikin hirar, Word ya buɗe, ta zauna tun yamma har dare tana gyara, tana danna ajiyewa a kai a kai kamar yadda aka koya mata. Da safe ta koma hirar ta danna fayil ɗin, sai ga tsohon babin, ko waƙafi ɗaya bai canza ba. Ta duba Documents babu, ta duba Downloads babu.

Abin da ya faru shi ne, idan ka buɗe takarda kai tsaye daga cikin manhajar hira, ko daga cikin fayil ɗin zip, wato ƙunshin da ake naɗe wasu fayiloli a ciki, kwamfuta tana yin kwafi a wata foldar wucin gadi, can cikin AppData wadda a ɓoye take. Duk ajiyewar da kake yi a kan wannan kwafin take sauka. Aikin yana nan, hanyar zuwa wurinsa ce ba ka sani ba. Abin da muka yi shi ne: muka rufe hirar, muka buɗe Word shi kaɗai, muka shiga File, sannan Open, sannan Recent. Sunan babin ya fito sau biyu, kowanne da adireshin foldarsa a ƙarƙashi. Muka buɗe wanda lokacinsa ya nuna daren jiya, sai ga gyaranta cif. Nan take muka yi Save As zuwa Documents. Da bai fito a nan ba, da sai mu danna Windows da R, mu rubuta %temp%, mu jera bisa kwanan wata. Abin da nake roƙon duk wanda ya shiga wannan hali shi ne ya daina sake buɗe fayil ɗin daga hira, kuma kada ya kunna wata manhajar share tarkace, domin foldar wucin gadi ita ce farkon abin da suke sharewa. Don gaba kuma, duk takardar da za ka yi aiki a kanta, ka fara yi mata Save As kafin ka rubuta harafi ɗaya.

Idan manhajar kariya ce ta ɗauke shi

Ka ga fayil ya gama sauka da idonka, ka je foldar babu shi. Ka sake saukewa, ya sake ɓacewa cikin daƙiƙa kaɗan. To wannan ba ɓata ba ne, kamawa ce. Buɗe Windows Security, shiga Virus & threat protection, sannan Protection history. Akwai yiwuwar ka tarar da shi an killace shi, da sunan cutar da aka gano a jikinsa. Burauza ma takan tare fayil, za ka ga gargaɗin a jerin Ctrl da J.

A wannan gaɓar ce mutane ke kai kansu. Akwai maɓallin da ke cewa a maido, akwai mai cewa a ƙyale, kuma wanda ya turo yana can yana rubuto maka cewa "kashe antibairos ɗin, shi ke hana shi buɗuwa." Ina roƙonka kada ka yi. Gaskiya ne manhajar kariya takan yi kuskure ta kama mai gaskiya, amma hakan ya fi faruwa da manhajoji, ba da rasit ko wasiƙa ko hoto ba. Takarda ta gaskiya ba ta da dalilin da za a ce sai an kwance tsaro kafin a karanta ta. Ka ce a turo maka a matsayin PDF, ko a ɗauki hotonta a turo. Idan mutumin ya ƙi, ya ci gaba da matsa maka, ka samu amsarka.

Mutane da dama suna cewa ai WhatsApp a kulle yake daga bakin mai turawa zuwa mai karɓa, don haka abin da ya biyo ta cikinsa lafiyayye ne. Kullewar gaskiya ce, tun 2016 aka kammala ta ga kowa. Amma ma'anarta ita ce babu wanda ya leƙa saƙon a hanya, har shi kamfanin. Kamar ambulan ne da aka liƙe da kyau: ɗan aike bai buɗe ba, amma hakan bai hana wanda ya liƙe shi saka kunama a ciki ba. Tunda kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki, ba zai iya tace maka shi a hanya ba. Tacewar ta rage gare ka da na'urarka.

Abu na farko da nake dubawa shi ne wutsiyar sunan fayil, 'yan haruffan nan da ke bayan ɗigo na ƙarshe. Su ke faɗa wa na'ura abin da za ta yi da shi. Tambarin da ke jikinsa ba hujja ba ne, kowa na iya liƙa wa muguwar manhaja jan tambarin PDF. Abin takaici, Windows yana zuwa da wutsiyar a ɓoye, kuma masu cuta sun daɗe suna cin moriyar hakan. A watan Mayun 2000 wani fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs ya bazu ta imel daga ƙasar Filifin ya shiga miliyoyin kwamfutoci. Mutane suna ganin TXT sai su ɗauka rubutu ne, alhali vbs ɗin da ke ɓoye ita ce wutsiyar gaskiya. Da an buɗe shi sai ya lalata hotuna, ya kuma tura kansa ga duk wanda ke cikin littafin adireshin mutum. A 2005 irin su Bropia da Kelvir suka bi ta manhajar hira ta MSN Messenger, suna zuwa da sunan abokinka. Shekaru sun wuce, manhajojin sun canza, dabarar tana nan yadda take. Don haka ka buɗe File Explorer yanzu, ka shiga View, a Windows 11 ka ƙara shiga Show, ka sa alama a File name extensions. Aikin daƙiƙa goma ne.

Da zarar kana ganin wutsiya, hukuncin ya yi sauƙi. Duk abin da aka ce maka takarda ne ko hoto, amma ya ƙare da exe, scr, bat, cmd, msi, vbs, js ko lnk, manhaja ce mai aiki da kanta, kada ka danna. Ka kula da zip da rar da iso, domin a cikinsu ake naɗe irin waɗannan. Mafi muni shi ne zip mai kalmar sirri wanda aka rubuto maka kalmar a cikin saƙon. Ka yi tunani: idan sirri ake son karewa, me ya sa aka haɗo makullin tare da shi? An kulle shi ne don manhajar kariya ta kasa leƙawa.

Takardun Word da Excel ma suna iya ɗaukar ƙananan umarni da ake kira makro. Idan ka buɗe takarda ka ga rubutun ya dushe, da sanarwa cewa sai ka danna Enable Content kafin ka iya karantawa, rufe ta. Tun 2022 Microsoft ya fara toshe makro a takardun da suka fito daga intanet, shi ya sa masu cutar suka ƙara karkata ga iso da lnk. Karanta takardar baƙo a yanayin kariyar da Word ke buɗe ta da shi ya wadatar, ba sai ka cire shi ba.

A waya kuwa wutsiyar da za ka fi tsoro ita ce apk, wato ta fayil ɗin girka manhaja a Android. Na taɓa riƙe wayar wani dattijo da aka turo wa abu mai suna kamar "Rasit.pdf.apk", da tambarin takarda, nauyinsa megabait kaɗan. Ya danna, wayar ta tambaye shi ko ya yarda a girka manhaja daga wannan tushe, ya ce e, domin a tunaninsa matakin buɗe rasit ne. Sai ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, ta nemi izinin Accessibility. Wannan izini na biyu an yi shi ne don taimakon masu larurar gani ko motsi, amma yana ba manhaja damar ganin duk abin da ke fuskar waya da danna maɓallai a madadinka. Wanda ya haɗa waɗannan biyun ya samu lambar sirrin da banki ke turowa, ya kuma samu hannun da zai shigar da ita. Ka riƙe wannan da kyau: ba a girka takarda, ba a girka hoto. Da zarar ka danna abu ka ga kalmar Install, ka ja da baya.

Ba sabon abu ba ne. Wani bairos na waya mai suna FluBot ya yaɗu daga ƙarshen 2020 ta saƙonnin da ke cewa kana da kaya a hanya, ka sauke manhaja don bibiyarsu, har sai da 'yan sandan ƙasashe 11 suka haɗu suka karya shi a 2022. Haka kuma jabun WhatsApp da ake yaɗawa da alkawarin ƙarin launi ko ganin saƙon da aka goge: a 2021 kamfanin Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin wani nau'in FMWhatsApp. Na ambaci wannan ne musamman saboda mai neman fayil ɗin da ya ɓace shi ne ya fi saurin faɗawa tarkon "manhajar da ke dawo da saƙon da aka goge". Ka shiga saitin wayarka ka nemo Install unknown apps, ka tabbata babu manhajar hira ko burauza da aka bar wa wannan izini a buɗe. Ka kuma bar Play Protect, wato kariyar da ke cikin Play Store, a kunne.

To idan daga wanda ka sani ne fa? Wannan ce tambayar da ta fi wuya, domin amana ce ake amfani da ita. Asusun da aka sace yana zuwa da suna da hoton mai shi. Ni abin da nake lura da shi shi ne ko ina jiran wannan fayil, da kuma ko maganar ta yi kama da bakin mai ita. Mutumin da kullum yake fara gaisuwa da tambayar iyali, yau ya jefo fayil da gajeren rubutu, "duba wannan da sauri", ko "kai ne a wannan bidiyon?", wannan ba shi ba ne. Kada ka tambaye shi a cikin hirar, domin ɓarawon ne zai amsa. Kira shi a waya ka ji muryarsa. Babu kunya a cewa "na ga saƙonka, kai ka turo?" Sau da yawa ta bakinka zai fara sanin an shiga asusunsa.

Idan fayil ɗin ya tsallake waɗannan amma zuciyarka ba ta kwanta ba, a kwamfuta danna shi da maɓallin dama ka zaɓi a bincika shi da Microsoft Defender, manhajar kariyar da ke zuwa da Windows. Akwai kuma shafin VirusTotal, wanda aka kafa a Sifen a 2004 kuma Google ya saya a 2012. Kana ɗora fayil ko linki, ya gwada shi da injinan kariya kusan 70. Sai dai ka sani, abin da ka ɗora a can masu binciken tsaro suna iya samunsa, don haka kada ka ɗora takardar da ke ɗauke da sirrinka ko na wurin aikinka. Kuma sakamako mai tsabta ba rantsuwa ba ne, sabuwar cuta takan yi kwanaki ba a gane ta ba.

Saiti biyu nake gyara wa duk wanda ya ba ni wayarsa. Na ɗaya, a Storage and data na WhatsApp, ina cire takardu daga cikin abin da ke sauka da kansa, don kada wani baƙo a zaure ya cika waya da abin da ba a nema ba. Na biyu, ina sabunta manhajar da wayar kanta. A 2019 an yi amfani da wata kafa a kiran WhatsApp aka dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, aka auna kimanin mutum 1,400, ba tare da sun ko ɗaga kiran ba. Irin wannan ba a kauce masa da lura, sabuntawa ce kaɗai ke toshe shi.

Akwai wani nau'in ɓacewa da bairos ne da kansa ke jawo shi. Ka kwafe fayiloli a filashi, ka sa a wata kwamfutar, ka dawo ka tarar duk sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a kusurwa. Kada ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke tayar da cutar. Fayilolinka an ɓoye su ne kawai. Ka fara bincika filashin da manhajar kariya, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana musanya E da harafin filashinka. Za su fito, sai ka goge gajerun hanyoyin.

Idan kuma ka riga ka danna, ka girka, kada ka tsaya zargin kai, lokaci ne ke da daraja. Yanke intanet nan take: a waya kunna yanayin jirgin sama, a kwamfuta cire kebul ɗin intanet ko kashe Wi-Fi. Idan akwai manhajar banki a na'urar, ɗauki wata wayar ka kira bankinka su dakatar da asusun. Daga wata na'ura mai tsabta ka canza kalmar sirrin imel ɗinka kafin kowace, domin ta cikinsa ake sake saita sauran. A Android, shiga jerin manhajoji ka nemo baƙuwar, wani lokaci ba ta da suna ko tambari, sai fili kawai a jerin. Idan ta ƙi gogewa, cire ta daga Accessibility da Device admin apps tukuna, ko ka tayar da wayar a Safe mode, inda manhajojin da aka girka daga baya ba sa aiki. A Windows yi cikakken bincike, sannan ka ƙara da Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika kafin cutar ta farka. Idan an kulle maka fayiloli ana neman kuɗin fansa, duba shafin No More Ransom da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, akwai makullan wasu nau'o'in a can kyauta. Wayar da ta ci gaba da abin da ba a sa ta ba bayan duk wannan, ka kwashe hotuna da takardu kaɗai, ban da manhajoji, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Sannan ka shiga Linked devices a WhatsApp, ko Devices a Telegram, ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ba, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Lambar nan ta shiga asusu da ake turowa ta tes, ba a ba kowa ita, ko wane ne ya tambaya. Daga nan ka sanar da mutanenka, ta kira ko ta wata hanyar daban, cewa duk fayil ko linkin da ya fito daga gare ka a ranar kada su buɗe, kuma duk wanda ya riga ya buɗe ya bi waɗannan matakan.